Gashin ciki kafin tiyatar hanji: yadda ɗinkina ya warke da abin da ya ja masa jinkiri

Duk wanda aka ce za a yi masa gashin ciki, wato ƙona ciwon daji (kansa) da hasken radiyeshan daga cikin jiki, sannan a yanke masa wani sashe na hanji, sassa uku na asibiti ne za su riƙa miƙa shi ga juna: masu gashi, masu tiyata, da nas-nas masu kula da rauni. Kowa ya san aikinsa, kuma kowa zai faɗa maka nasa ɓangaren. Abin da na rasa a lokacin shi ne wanda zai zaunar da ni ya haɗa min zancen wuri guda, ya ce da ni jiran da za a sa ni yi, da jakar da za a manna min a ciki, da gwajin da za a maimaita, duk tushensu ɗaya ne: naman da radiyeshan ya ratsa ba ya warkewa da saurin wanda bai taɓa ba. Sai da na bi hanyar har ƙarshenta na fahimci haka, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta daki-daki saboda mai zuwa a bayana.

Abin ya faro ne da ganin jini a bayan gida, da jin kamar ban gama ba alhali na gama. A asibitin da na fara zuwa an ɗauke shi basir, aka yi ta ba ni magani, har sai da wani likita ya sa safar hannu ya duba da yatsa, ya ce akwai abin da bai kwanta masa ba. Aka tura ni a zura kyamara ta dubura, aka gutsiri tsokar aka kai ɗakin gwaji. Jiran wannan sakamakon ya fi duk wani jira da ya biyo baya nauyi a zuciyata. Ya fito kansar ƙarshen hanji ce. Daga nan aka yi hoton MRI na ƙugu don a ga zurfin da ta yi a bangon hanjin da ko ta taɓa kaluluwar da ke kewaye, aka yi hoton CT na ƙirji da ciki don a duba hanta da huhu, aka ɗebi jini don gwajin CEA, wani sinadari da kan ƙaru a jinin masu kansar hanji. Tun a nan ya kamata mutum ya sami folda guda ya riƙa zuba komai, har da faifan hotunan kansu, domin likitan gashi ba ya aiki da rahoton da aka buga a takarda kaɗai, hoton yake son gani da idonsa.

Bayan likitocin sun zauna a kan fayil ɗina, aka ba ni ranar ganin likitar gashi. Ta shimfiɗa min hanyoyin da ke akwai. Gashin waje, wanda na'ura ke hasko radiyeshan daga nesa ya ratsa fata, iri biyu ne: mai tsawo, zama 25 zuwa 28 cikin mako biyar zuwa shida tare da ƙwayoyin kemo (maganin kansa na sha), da gajere na kwana biyar. Sai gashin ciki, birakiterafi, inda ake kai tushen radiyeshan ɗin har jikin ƙarin. Ta ce ƙarfin radiyeshan yana faɗuwa da sauri idan aka matsa daga tushensa, in tazara ta ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka mafitsara da ƙaramin hanji da ƙashin ƙugu da fata kaɗan suke samu, amma bangon hanjin da ke manne da na'urar yana shan kaso mai yawa ƙwarai. Wannan gajeren zangon shi ne kuma ya sa ba kowa ake yi wa ba: wanda kansarsa ta kai kaluluwa masu nisa, ko ƙarin ya toshe hanya har na'urar ba za ta wuce ba, gashin waje ya fi dacewa da shi. Nawa yana inda za a iya kaiwa, kaluluwar kuma ba su nuna komai a hoto ba. Tsarin da za a bi, in ji ta, shi ne wanda likitocin Montreal a Kanada suka fara tun ƙarshen shekarun 1990: gire 26, wato ma'aunin radiyeshan, a raba shi zama huɗu a kwana huɗu a jere, kowane zama 6.5, sannan a yi tiyata bayan mako shida zuwa takwas.

A takardar amincewa da aka miƙo min in sa hannu akwai layi ɗaya da ya ce za a iya samun jinkirin warkewar rauni bayan tiyata. Layi ɗaya tak, a tsakiyar wasu goma sha. Na tambayi ma'anarsa, ta ce likitan tiyata zai yi min bayani. Ban zarge ta ba, aikin nasa ne, amma wannan layin shi ya cinye mafi yawan watannin da suka biyo baya. Maganar kuɗi ma a ranar aka yi ta, kuma shawarata a nan ita ce mutum ya nemi a rubuta masa abin da lissafin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba. Nawa ya ƙunshi gashin da tiyatar. Bai ƙunshi jakunkunan sitoma (ƙofar da ake buɗe wa hanji a fatar ciki don bayan gida ya fita ta nan) da za a riƙa saya na watanni ba, bai ƙunshi ƙarin kwanakin gado idan ɗinki ya ba da matsala ba, haka nan tiyata ta biyu ta rufe sitoma lissafinta daban.

Kafin a fara, an sake zura kyamara aka maƙala wasu ƙananan ƙarafa a saman ƙarin da ƙasansa, don su fito a hoto su nuna iyakar wurin. Ranar gashin kanta, da safe ake wanke ƙarshen hanjin da ruwan magani. Na kwanta a gefe, nas ta shafa maganin kashe zafi, ta ce, "Malam, saki jikinka, ka riƙa jan numfashi ta baki." Aka zura wata roba mai laushi, kaurinta ya ɗan fi yatsa, mai ƙananan hanyoyi takwas a kewayenta, aka ɗaure ta a jikin gadon don kada ta motsa. Aka ɗauki hoton CT da ita a ciki. Daga nan sai jira, kuma shi ne mafi wahala a duk ranar, domin likita da masanin lissafin radiyeshan suna can gaban kwamfuta suna tsara ta wace hanya tushen zai bi da daƙiƙa nawa zai tsaya a kowane wuri, kai kuwa kana kwance ba halin juyi, ƙugu ya ƙage, ga jin kamar bayan gida ya matsa. Da suka gama aka jona robar da wata na'ura mai ƙafafun taya, kowa ya fita, aka rufe ƙofa mai kauri, sai murya ta lasifika. Tushen iridiyam-192 ne, milimita 'yan kaɗan tsawonsa, a bakin wata siririyar waya. Ina jin ƙarar na'urar tana tura shi tana janyewa, amma a jikina ban ji zafi ko ɗumi ba. Mintoci kaɗan aka gama, wayar ta koma cikin garkuwarta, aka zare robar, na tashi da ƙafata na tafi gida.

Uwargidana ce ta yi tambayar da ta tsaya min a rai. Ta ce, "Likita, yara fa? Za su iya zama kusa da shi?" Likitar ta ce babu komai, a irin wannan gashin tushen yana shiga ne ya fita, ba a barin ko ƙyas a jiki, don haka ba na ɗauke da radiyeshan. Ta bambanta mana da wani nau'in, inda ake dasa ƙananan ƙwayoyin aidin-125 a bar su a ciki dindindin, ƙarfinsu yana raguwa da rabi duk kwana 60 ko kusa da haka. Masu wannan ne ake cewa su rage daɗewa daf da mai juna biyu da ƙananan yara a watannin farko. Na fita da murna a ranar, a raina ina cewa tunda babu abin da ya rage a ciki to an wuce wurin. Radiyeshan ɗin ne ya fita, aikin da ya yi wa naman a lokacin ma ya fara.

Sai da aka yi mako guda da gamawa sannan wurin ya fara magana. Yunƙurin bayan gida ba dare ba rana, majina, ɗan jini, da zafi kamar na mai atini. Na kira sashen hankalina a tashe, ina zaton kansar ce ta motsa. Suka ce kumburin bangon hanji ne daga gashin, kusan kowa yana yi, aka rubuta min magani, kuma cikin 'yan makonni ya lafa. A wannan tsakanin ne na fi ƙosawa. Mutum ya san ƙari yana cikinsa, an kuma ce ya koma gida ya jira kusan wata biyu. Na je na roƙi likitan tiyata ya matso da ranar. Ya ce, "Malam, sauri ya haifi nawa. In na shiga yanzu, naman a kumbure yake, yana jini da an taɓa shi, ɗinki ba zai kama ba. Kuma ƙarin yana ci gaba da ƙanƙancewa a waɗannan makonnin, ba zaman banza kake yi ba." Ya ƙara da cewa ba a kuma barin abin ya yi tsawo ainun, domin da watanni suka ja naman zai fara taurin tabo, yanka shi da raba shi su yi wuya. Tagar da ke tsakanin kumburi da tauri ake nema.

Shi ne kuma ya yi min bayanin da na daɗe ina nema, ya ɗauko bayan wata takarda ya zana. Idan aka yanke sashen da ke da ciwo, ana janyo babban hanji daga sama a haɗa shi da guntun da ya rage a ƙasa da na'urar ɗinki mai ƙananan ƙusoshi. A kwanakin farko ƙusoshin ne kaɗai ke riƙe da mahaɗar, domin jiki yana fara narkar da tsohon kolajin (zaren da ke ba nama ƙwari) da ke bakin yankan kafin ya saƙa sabo. Tsakanin kwana na uku da na biyar mahaɗar ta fi kowane lokaci rauni. Daga nan ƙwayoyin da ke saƙa kolajin su shigo, sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, wajen mako guda ta fara riƙe kanta. Duk wannan aikin jini yake buƙata da iskar oksijin da jinin ke kawowa. Radiyeshan kuwa waɗannan abubuwan yake taɓawa: yana raunana ƙwayoyin da ke saƙar, yana lalata shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyi har su riƙa tsukewa a hankali, wasu su toshe, ya bar nama mai ƙarancin jini. Ya ce shi ya sa yake yanke wurin da ya sha gashi sosai ya fitar da shi tare da ƙarin, ya janyo hanjin sama wanda radiyeshan bai taɓa ba, don ko ba komai baki ɗaya na mahaɗar ya zama lafiyayye. "Kamar ɗinka sabon yadi ne da wanda rana ta ɗan ci," in ji shi, "zai kama, amma ba a ja shi da wuri."

Na tambaye shi batun waɗanda na ji ana sa musu robobin gashi a lokacin tiyatar. Ya ce ana yi, musamman idan kansa ta dawo ta manne a bangon ƙugu. Ko dai a yi gashin nan take ciki a buɗe, a ture hanji gefe a kare shi, ko a bar siraran robobi a wurin a zura tushen daga baya. A na biyun, ya ce, ba a gaggawar zurawa. Daga masu kansar tsokar hannu da ƙafa aka koyi cewa idan aka jira ya wuce kwana biyar bayan tiyata, matsalar rauni tana raguwa sosai, saboda ƙwayoyin saƙar sun samu sun fara aiki. Kuma sukan shimfiɗa tantanin kitsen da ke lulluɓe hanji tsakanin tushen da mahaɗar, tunda tazarar santimita ɗaya ko biyu ma babbar kariya ce.

Makonnin jiran sun zama na gyaran jiki. Gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa saboda zubar da ya daɗe yana yi, aka yi min ƙarin sinadarin ƙarfe ta jijiya. An duba sukari da albumin (sinadarin gina jiki da ke cikin jini), aka ce in ƙara abinci mai gina jiki, in riƙa tafiya a ƙafa kullum. Wanda ke shan taba ana so ya daina aƙalla mako huɗu kafin tiyata, domin taba tana tsuke jijiyoyin da gashi ya riga ya tsuke. Mai ciwon sukari da mai shan magungunan sitiroyid su ma nasu hatsarin ya fi yawa. Waɗannan ne kaɗai abubuwan da ke hannun majiyyaci, kuma ina ganin ba a ba su muhimmancin da ya kamata a ɗakin ganin likita.

Ana gobe tiyata nas ɗin sitoma ta zo da alƙalami. Ta sa na zauna, na miƙe, na sunkuya, tana duban inda fata ke naɗewa, sannan ta yi alama a dama da cibiya, ƙasa kaɗan. Jikina ya yi sanyi. Na san da maganar jakar, amma ganin alamar a fatata daban ne. Ta ce, "Baba, wannan ba ta zama ba ce. Za a fito da ƙaramin hanji ta nan don bayan gida ya daina bi ta kan ɗinkin har ya warke. Ba ta hana ɗinki yoyo, amma in ya yi yoyo, ba ƙazanta ce za ta zuba a cikinka ba." Na riƙe wannan maganar, kuma bayan 'yan kwanaki na ga gaskiyarta.

Na farfaɗo da robar fitsari, da wata robar da ke zuƙo ruwa daga ƙugu, da jaka a ciki. Washegari aka tashe ni tsaye. Kwanakin farko komai ya tafi daidai, har na fara shan ruwa da abu mai laushi. Da na nemi maganin zafi irin su diklofenak da na saba sha, aka hana, aka ce wasu bincike sun danganta irinsu da yoyon mahaɗa, don haka wani aka ba ni. Ana cikin kwanakin nan da likita ya ce su ne na hatsari, sai nas ta lura bugun zuciyata ya haura 100 kuma ya ƙi sauka. Ni ban ji wani ciwo na a zo a gani ba, sai kasala, da ɗan zazzaɓi da yamma, da wani nauyi can ƙasan baya. Gwajin CRP, wanda ke auna kumburi a jini, ya kamata ya hau bayan tiyata sannan ya fara sauka daga kwana na uku, nawa sai ya juya ya sake hawa. Ruwan da ke fitowa ta robar ƙugu, da yake ja-ja garai, ya koma gurɓatacce. A daren aka kai ni hoton CT. Ya nuna ɗan ƙaramin yoyo a bayan mahaɗar, da ruwa da ya taru a wurin.

Da likita ya faɗa min, gabana ya faɗi, na ɗauka ɗakin tiyata za a mayar da ni. Ya ce a'a, tunda akwai sitoma kuma ruwan a killace yake, za a bar robar a wurin ta ci gaba da zuƙewa, a sa min maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a zuba ido. Ya ce kusan ɗaya cikin goma na masu mahaɗa a can ƙasa suna samun yoyo, da gashi ko babu, kuma da mahaɗar ta fi kusa da dubura, hatsarin ya fi yawa. Abin da gashi ke ƙarawa a fili shi ne daɗewar da ramin ke yi kafin ya cike. Abin da ya fi rikita ni da 'yan uwana shi ne yankan da ke kan cikina ya warke sumul, an cire ɗinkinsa a kan lokaci. Masu zuwa dubiya suna ganinsa suna cewa Alhamdu lillahi an warke, alhali fatar ciki radiyeshan bai je mata ba, inda ya je yana can inda ido ba ya gani.

A gadon da ke kusa da ni akwai wani dattijo da nasa ƙarin ya sauko har bakin dubura, aka cire duburar gaba ɗaya aka ɗinke wurin, bayan ya sha gashin waje. Ɗinkin ya buɗe. Kullum da safe nas ke jan labule, ta zare tsohuwar auduga daga ramin, ta wanke da ruwan gishirin asibiti, ta cusa sabuwa, shi kuwa yana kwance a gefe yana riƙe da ƙarfen gado. Zama ma a gefen cinya yake yi. Irin wannan rauni shi ne wanda aka fi tabbatar da cewa radiyeshan yana jinkirta shi. A babban binciken da aka yi a Holan, wanda aka fara buga sakamakonsa a 2001, gashin kwana biyar kafin tiyata ya rage dawowar kansa a wurin daga kashi 8.2 cikin 100 zuwa 2.4 a shekara biyu, amma matsalar raunin da ke wurin duburar da aka cire ta tashi daga kashi 18 zuwa 29. Yawan yoyon mahaɗa kuwa bai bambanta sosai ba tsakanin rukunan biyu. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don kada wani ya karanta labarina ya guji gashi. Rauni mai jinkiri yana warkewa. Kansar da ta dawo a ƙugu tana cikin mafi wuyar magani.

An sallame ni bayan zazzaɓin ya tafi, robar ta daina kawo komai. Sakamakon sashen da aka cire ya nuna an yanke da tazara mai kyau kuma kaluluwar duk lafiya, don haka ba a sa ni kemo ba. Waɗanda ake sa wa, yoyo yakan ɗage musu ranar farawa, domin kemo ma yana rage saurin warkewa. A gida abin da ya ba ni wahala shi ne sitomar ƙaramin hanji tana zubar da ruwa da yawa. An ce in riƙa aunawa, in ya wuce lita ɗaya da rabi a yini, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko jiri ya kama ni, in dawo, domin ƙoda ce ke shan wahalar. Ruwan gishiri da sukari na ORS ya fi ruwa zalla amfani a wannan hali, aka kuma ba ni lofaramid don ya rage gudun. Majina takan fito ta dubura duk da bayan gida ba ya bi ta nan, wannan ba komai ba ne. Mugunya mai wari ko zazzaɓi su ne abin komawa asibiti.

Ka'ida ita ce a rufe sitoma bayan mako takwas zuwa goma sha biyu, amma sai an gwada mahaɗar. Ana zuba wani ruwa mai fitowa a hoto ta dubura, a ɗauki hoto a ga ko zai ɓulla waje. Na je da ɗoki, har na fara lissafin ranar rabuwa da jaka. A allon na ga ruwan ya cika hanjin, sai wani siririn zare ya fita ta baya ya tsaya a ɗan aljihu. Ramin bai gama cikewa ba. Aka ce in ƙara wasu watanni. A mota uwargidana ta yi ta ba ni baki, ni kuwa na kasa cewa komai. Wannan ɗagewar ta fi ranar da aka faɗa min yoyon zafi, saboda a waje lafiyata ƙalau, na koma aiki, na yi ƙiba. Da na san tun farko cewa a naman da ya sha gashi irin wannan ramin yakan ɗauki watanni, da ban kafa raina a kan rana ba.

Gwaji na gaba ya fito babu yoyo, sai dai mahaɗar ta ɗan tsuke saboda tabo, wanda shi ma sananne ne bayan gashi da yoyo. An buɗa ta da balan-balan ta kyamara, sannan aka sa ranar rufewa. Tiyatar ƙarama ce in aka kwatanta da ta farko. Ramin sitomar ba a ɗinke shi ruf ba, an tattare bakinsa aka bar tsakiya a buɗe don ya cike daga ƙasa, saboda haka ya fi rage ruɓewa. Bayan gida kuwa bai dawo yadda yake a da ba nan take: zuwa sau da yawa a jere, da matsuwar da ba ta jira. Ma'ajin bayan gida, wato ƙarshen hanjin da aka cire, shi ne ba ya nan, ga kuma taurin da gashi ya bari. Motsa tsokar ƙugu da aka koya min da daidaita lokacin cin abinci sun taimaka, kuma abin yana sauƙi a hankali cikin shekara ta farko zuwa ta biyu.

Wanda zai bi wannan hanya, kafin ya sa hannu a takardar gashi ya nemi ganin likitan tiyata, ya tambaye shi a ina mahaɗar za ta kasance, nawa ne tazararta da wurin da za a gasa, za a yi sitoma ko ba za a yi ba, kuma me za a yi in ta yi yoyo. Ya tambayi likitan gashi ko tushen fita zai yi ko zama, domin ka'idojin zama da iyali sun dogara da amsar. A kwanakin farko bayan tiyata, mai jinya ya sa ido a kan bugun zuciya da zazzaɓi da launin ruwan roba fiye da yadda yake duban yankan ciki, kuma kada ya ji nauyin kiran nas cikin dare. Ranar rufe sitoma kuma a ɗauke ta hasashe har sai hoto ya tabbatar.

Akwai takarda guda da nake so kowa ya karɓa kafin ya bar sashen gashi: taƙaitaccen rahoton da ke nuna nau'in gashin, yawan gire, wurin da aka gasa da ranakun. Tsukewar jijiyoyin nan ba ta tsayawa da an sallami mutum, takan ci gaba watanni har shekaru, shi ya sa wasu ke ganin jini ta dubura bayan an daɗe, daga ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari da suka tsiro a bangon. Duk likitan da zai zura kyamara, ko ya gutsiri nama, ko ya ɗaure basir, ko ya sake yin tiyata a ƙugu, dole ya san wurin ya sha radiyeshan, domin ɗan yanka a irin wannan nama yana iya zama gyambon da zai daɗe. Ni ma da jini ya sake ɓullo min, wannan takardar na fara miƙa wa likitan da ya duba ni. Ya karanta, ya fasa gutsirar da ya yi niyya, ya ƙone ƙananan jijiyoyin da wata iskar gas mai suna agon ta kyamara, jinin ya tsaya.